Me ya sa ruwan na'ana'a da lemun tsami yake ɗaci idan ya kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Maigidana yana da ciwon sukari, likita ya hana shi lemun kwalba, shi kuwa ruwa zalla ba ya shiga masa da zafin nan. Sai na gwada haɗa masa ruwan sanyi da na'ana'a da lemun tsami. Na yanka lemun guda 5 da ɓawonsu, na daka na'ana'ar a turmi, na zuba a jag na sa a firji tun dare. Da gari ya waye ruwan ya yi ɗaci kamar maɗaci, ganyen kuma ya yi baƙi. Ga shi wuta ba ta tsayawa a unguwarmu, ƙanƙara sai mun saya. Ina kuskuren yake, kuma yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Kayan da kika zaɓa ba su da laifi ko kaɗan. Abin da ya faru shi ne kin zuba su lokaci guda, kin bar su lokaci guda, alhali kowannensu da iyakar zaman da yake iya yi a cikin ruwa. Ni ma haka ta taɓa faruwa da ni a farkon fara aikin abincin biki, na jiƙa yankakken lemu a babbar roba tun dare don in rage wa kaina aikin safe, da asuba dole na zubar da shi duka na sake sabo. Ruwa ba ya tsami banza, ɗaci ma haka.

Ki ɗauki lemun tsami guda ki raba shi biyu ki duba da kyau. A waje akwai koriyar fata, wadda idan kika matsa ta kusa da hanci za ki ga wani ɗan mai yana fesowa. Ƙamshin lemu a cikin wannan man yake. Ƙarƙashinta akwai farin ɓawo mai laushi kamar soso, sannan naman da ke riƙe da ruwan, sannan 'ya'yan. To ɗacin da kika ji yawancinsa daga farin nan da 'ya'yan ya fito. Suna ɗauke da sinadarai masu ɗaci, mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake kira limonin, kuma kaɗan ne daga cikinsa yake isa harshe ya ji. Ƙamshin fatar waje yana saurin fita, cikin awa ɗaya ko biyu ya gama shiga ruwa. Ɗacin kuwa a hankali yake tsattsafowa, amma ba ya tsayawa. Idan kika cire lemun bayan awa biyu kin kwashi ƙamshi kin bar ɗaci a baya. Idan ya kwana, ɗacin ya cim ma ƙamshin har ya danne shi. Lemun tsami ya fi lemun zaƙi saurin yin haka, domin ita kanta koriyar fatarsa tana da ɗan ɗaci idan ta daɗe.

Akwai ma abin da duk mai matse lemun zaƙi don sayarwa ya sani ko da bai san sunansa ba. Ruwan wasu irin lemun zaƙi yana da daɗi lokacin da aka matse, bayan 'yan awanni sai ya soma ɗaci ko da babu ɓawo a ciki. Dalili shi ne a cikin lemun akwai sinadarin da ba shi da ɗanɗano, sai an farfasa naman ya haɗu da tsamin ruwan sannan yake rikiɗa ya zama limonin. Shi ya sa nake cewa lemu, kowane iri, shi ne na ƙarshen shiga kuma na farkon fita.

Guda 5 ma sun yi yawa a jag ɗaya. Wannan ruwan jiƙo ne, ba lemun sha ake haɗawa ba. Abin da ake nema shi ne mutum ya kurɓa ya ji ruwa ne, sai dai ruwan yana da ƙamshi, yana wanke baki, yana sa a ƙara kurɓa.

Sai na'ana'a, a nan ne turmi ya cuce ki. Man da ke ba ta ƙamshi ba a can cikin ganyen yake ba, a cikin wasu ƙananan ƙuraje yake da ke kwance a fatar ganyen, ido ba ya ganinsu sosai. Shafa kaɗan ta isa ta fasa su, shi ya sa ko gogar shukar kika yi da zane sai ƙamshi ya tashi. Idan aka daka, an yayyaga ganyen gaba ɗaya, ruwan cikinsa mai ɗanɗanon ɗanyar ciyawa ya fito, iska kuma ta same shi sai ya yi duhu, kamar yadda yankakken dankali ko yalo yake canja launi idan aka bar shi a fili. Tsami kuma yana ƙara dusashe koren ganye ya mayar da shi ruwan ƙasa. Kin ga kenan dakakken ganye a cikin ruwan lemu 5 har tsawon dare ba abin da zai hana shi baƙi. Abin da ake yi shi ne a ɗora rassan a tafin hannu, a tafa ɗaya hannun a kai sau ɗaya ko biyu, a jefa su cikin ruwa da kararsu. Ba yanka, ba daka.

Sanyin da ake ji a maƙogwaro bayan an sha na'ana'a kuwa aikin wani sinadari ne mai suna mantol. Ba ya rage zafin ruwan, jijiyoyin baki masu jin sanyi yake taɓawa sai su kai wa ƙwaƙwalwa saƙon sanyi. Wannan yana da amfani sosai ga gidan da wuta ba ta zama, domin ruwan da bai yi sanyi can ba sai a ji shi kamar ya fi haka. Na'ana'a iri-iri ce. Akwai mai yaji wadda mantol ɗinta yake da yawa, akwai mai taushin ƙamshi irin wadda mutanen Maroko ke cika wa shayinsu. Ki murza ganye ɗaya ki tauna kafin ki saya. Idan mai yajin ce ki rage yawanta.

Ga yadda nake haɗa lita 2, wato daidai da ruwan leda guda 4 mai rabin lita. Na'ana'a kamar rassa 10, ɗanyar citta kamar gaɓar babban yatsa, lemun tsami ƙanana 2, lemun zaƙi 1. Idan akwai ciyawar nan mai ƙamshin lemu da ake sa wa shayi, wadda ake kira lemun giras, sai in ƙara ganye 2 ko 3.

Citta da ciyawar nan masu taurin kai ne, ruwan sanyi ba ya fitar da su da wuri. Don haka nakan kankare cittar in yanka siri-siri, in ƙulle ciyawar in ɗan bubbuge ta da bayan wuƙa, in tafasa kofi ɗaya na ruwa in zuba musu, in rufe na minti 10. Rufewar ba ado ba ce, ƙamshin tururi yake bi ya gudu. Idan ya huce sai in tace a cikin sauran ruwan. Daga nan na'ana'a ta shiga ta yi awa 2 zuwa 4 a wuri mai sanyi. Ita kaɗai, ganyenta cikakke, babu tsami, tana iya kwana a firji ba ta ɓaci ba. Lemu kuma sai saura awa ɗaya ko biyu a sha. Lemun zaƙin nakan fere shi har sai farin ya fita tas, in yanka faifai-faifai, in zare 'ya'yan da bakin wuƙa. Lemun tsami ɗaya in yanka siri-siri da fatarsa saboda ƙamshi, in yar da gindi da kan domin nan farin ya fi kauri. Ɗayan kuma ba ya shiga jag, ana matsa shi ne a kofi lokacin sha, kowa gwargwadon tsamin da yake so. Idan lokaci ya cika a tace komai, a bar ruwa zalla. In kina son kofin ya yi kyau a ido, sabon ganye da sabon yanki za ki sa, ba waɗanda suka gama aiki ba.

Mazubi kuwa na gilashi ya fi, sai na ƙarfe mara tsatsa, sai roba mai kyau wadda dama don abinci aka yi ta. Kada ki jiƙa a tukunyar alminiyam, tsami yana cinta har ruwan ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Bokitin fenti da jarkar da ba a san abin da ta taɓa ɗauka ba, a bar su wa wanki.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna a tambayarki, wato ƙanƙarar saye. Ɗaci abu ne na harshe, a zubar a sake. Ƙanƙara mara tsabta kuwa asibiti take kai mutum. Mutane da yawa suna ɗauka duk abin da ya daskare ya tsarkaka. Ba haka ba ne. Daskarewa ba ta kashe duka ƙwayoyin cutar taifot da kwalara, wasu kwantar da su kawai take yi, idan ƙanƙarar ta narke su farka su ci gaba. Dunƙulen da ake sayarwa a bakin titi ba ki san ruwan da aka yi shi da shi ba, ba ki san buhun da aka naɗe shi ba, ba ki san hannu nawa ya bi ba. Kuma kada a ce ai akwai lemun tsami a ciki zai kashe komai. Gaskiya ne tsantsar ruwan lemun tsami yana da ƙarfin tsami har yana hana wasu ƙwayoyin cuta rayuwa, amma lemu 2 a cikin lita 2 ya salance, ba abin dogaro ba ne. Mai ciwon sukari kuwa gudawa da amai suna saurin galabaitar da shi fiye da sauran mutane.

Mafita mai sauƙi ce: ƙanƙarar saye ta zauna a waje, kada ta shiga ciki. Ki ɗura tataccen ruwan a gora mai murfi, ki kwantar da ita a kula, ki farfasa ƙanƙara ki kewaye ta, ki rufe. Cikin awa guda zai yi sanyi ƙarara, kuma ba a salantar da shi ba. Idan lallai ana son ganin ƙanƙara a kofi, ki sayi daskararren ruwan leda na kamfanin da kika yarda da shi, mai lambar NAFDAC, ki wanke bayan ledar da sabulu kafin ki yanka. Ranar da wuta ta zauna kuma ki yi taki da kanki. Ni nakan daskarar da shi kansa jiƙon a ƙananan gorori, sai ya zama ƙanƙarar da idan ta narke ƙara ɗanɗano take yi. Kada dai ki cika gorar har baki, ruwa yana kumbura idan ya daskare, zai iya fasa ta.

Maganar salancewa ma lissafi gare ta. Idan ruwa lita 1 yana kan digiri 30, kina son ya sauko zuwa digiri 5, sai kusan gram 300 na ƙanƙara ya narke a cikinsa. Wato an ƙara masa ruwa kusan kashi ɗaya cikin uku, ƙamshin da kika yi wa wahala ya ragu kenan. Amma da ruwan ya fara daga digiri 20, abin da zai ci bai kai gram 200 ba. A nan randa take da rana. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, busarwar ta tafi da zafi. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ke ma za ki iya tsoma rufaffiyar gorarki a irin wannan tukunya, ko ki naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye a inuwa inda iska ke bi. Dabarar ta fi aiki da bazara da hunturu lokacin da iska take a bushe, da damina ƙarfinta yana raguwa. Sai dai kada ki zuba lemu da ganye kai tsaye a randa, yumɓu yana shan ƙamshi da tsami, daga baya ya riƙa ba ruwan gida wari.

Sanyin randa na sha ne, ba na ajiya ba. Da zarar an sa yankakken ɗan itace da ɗanyen ganye a ruwa, ya tashi daga ruwa ya koma abinci, ya shiga dokar abinci. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da 60. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada irin wannan ya wuce awa 2 a waje, idan zafin gari ya haura digiri 32 kuwa awa 1. Ki tuna a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri sukan kai digiri 40 har su wuce. A firjin da wutarsa ba ta yankewa, tataccen ruwan zai kai kwana 3. A gida irin naku, ki haɗa na yini guda kawai, ya zauna cikin kula da ƙanƙara, abin da ya rage da dare a ba shuka. Idan kin ga ya yi gurɓi-gurɓi, ko yana kumfa, ko ya soma yauƙi, kada ma ki ɗanɗana.

Wankin ganyen shi ma ba na wasa ba ne, domin ɗanye za a sha. Na'ana'a a ƙasa take rarrafe, kuma ba kowane lambu ne ake ba ruwa mai kyau ba. Ki cika kwano da ruwa ki girgiza ta a ciki, ki tsamo ta sama, kada ki tsiyaye ruwan ta kanta domin yashin zai koma mata. Ki yi haka sau uku, ɗaurayar ƙarshe da ruwan da za ki iya sha. Lemun ki goge bayansa sosai kafin wuƙa ta taɓa shi, don wuƙa tana jan dattin waje ta kai ciki. Da damina, ko duk lokacin da aka ji ɓullar amai da gudawa a gari, ni ba na jiƙa ɗanyen ganye. Tafasasshen ruwa nake zuba wa na'ana'ar tare da cittar, in rufe minti 5 in tace. Ɗanɗanon ya ɗan karkata wajen shayi, amma hankalina a kwance. Ruwan kansa idan akwai shakka a kansa, a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, a bar shi ya huce a rufe.

Game da maigida, ribar wannan ruwa ita ce maye gurbin lemun kwalba da yake yi. Da yawa daga cikin lemukan kwalba suna da sukari wajen gram 10 a kowane mililita 100, wato gora mai rabin lita ta kai gram 50, kimanin cokalin shayi 12. Duk gorar da ya bari ya sha wannan a madadinta, wannan sukarin ne bai shiga jininsa ba. Don haka kada a ɓata ribar da zuma ko dabino, jiki sukari yake ɗaukarsu. Yankan lemun zaƙi guda a lita 2 abin da zai saki kaɗan ne, amma matse lemu uku ko huɗu a ciki wani abu ne daban, kofi ɗaya na ruwan lemun zaƙi yana da sukari kimanin gram 20.

Ina roƙonki kada ki bari wani ya gaya masa wannan ruwa yana maganin ciwon sukari, ko yana narkar da tumbi, ko yana wanke dattin jiki. Na sha ganin ana yaɗa irin wannan, kuma yana ɓata mini rai, domin akwai waɗanda suke ajiye maganin asibiti saboda shi. Tace dattin jini aikin hanta da ƙoda ne, abin da suke so daga gare mu isasshen ruwa ne, kuma nan ne wannan haɗin yake taimakawa, tunda yana sa wanda ba ya son ruwa ya sha. Ya ci gaba da maganinsa yadda likita ya tsara. Idan kin lura ƙishirwarsa ta wuce misali, yana sha yana yawan fitsari har cikin dare, kada a ɗora wa zafin gari kawai, a gwada sukarinsa. Idan kuma sukarin ne ya faɗi, jiki na rawa, gumi na keto masa, yunwa ta taso farat ɗaya, wannan ruwan ba zai yi masa komai ba, a lokacin sukari na gaske yake buƙata, kamar cokalin shayi 3 a ɗan ruwa, sannan a sanar da likitansa.

Kada ki sa garehul, wato babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci, sai kin tambayi likita ko mai ba da magani. Yana hana jiki sarrafa wasu magungunan hawan jini da na rage kitsen jini, sai maganin ya taru fiye da kima, kuma masu ciwon sukari da yawa suna shan irinsu. Mai fama da ƙwannafi ya lura da kansa, na'ana'a da tsami duka suna iya tayar da shi. Haƙori ma tsami yana cin farin rufinsa a hankali, musamman ga mai kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe har dare. Gara a sha kofi a tashi, a kuskure baki da ruwa zalla, a jinkirta goge baki kamar rabin awa. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa ba ruwansa da wannan, nono ya ishe shi. Ke kuma mai matsa lemun, ki wanke hannu kafin ki fita rana, ruwan lemun tsami idan ya bushe a fata rana ta buge shi yakan bar tabo kamar ƙuna.

Idan ya saba, ki riƙa canja masa don kada ya gundura. Gurji ko kokwamba da na'ana'a suna tafiya tare sosai, kuma ba sa ɗaci da wuri idan an fere. Ɗaɗɗoya tana da ƙarfi, ganye 3 ko 4 sun isa lita 2, ta fi dacewa da lemun zaƙi. Kanumfari guda 2 a cikin ruwan zafin cittar yana ba da ƙamshi mai daɗi da buɗa-baki. Zoɓo ɗan tsunkule, a wanke a jefa a ruwan zafin, zai ba shi launi ja-ja ba tare da ya koma zoɓon sha ba, sai dai a rage lemun tsami tunda shi ma tsami gare shi.

Wajen saye, ki zaɓi lemun tsami mai santsin fata, mai nauyi a hannu, wanda yake ɗan lotsawa idan an danna. Mai kaurin fata fari ya fi yawa a cikinsa. Koren lemun zaƙi kada ya ruɗe ki ki ce ɗanye ne. Wanda ake kawowa daga Binuwai zuwa kasuwanni irin 'Yan Lemo ta Kano yakan nuna yana kore, domin sai dare ya yi sanyi sosai fatar lemu take juyawa ruwan ɗorawa. Na'ana'ar da ta rage kuma ki tsinke ganyen ƙasa, ki tsoma karan a kofin ruwa kusa da taga, kina canja ruwan kullum. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga fararen saiwoyi. Ki dasa a tsohon bokiti mai huda a gindi, ki ajiye inda take samun ranar safe da inuwar azahar, ki riƙa ba ta ruwa safe da yamma da bazara. Idan za ki tsinka ki riƙa yanko kan reshen, nan take ƙara yin rassa.